Aikin darakta mai zaman kansa a asusun takardun bashin birane

Tambaya: Malam, mene ne aikin darakta mai zaman kansa a asusun da ke sayen takardun bashin biranen Amurka, kuma su wa ake naɗawa?

Amsa: Shi ne idon masu zuba jari a kan kamfanin da ke juya kuɗinsu. Dokar Amurka ta 1940 ta wajabta cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na daraktocin asusun su kasance marasa alaƙa da kamfanin, kuma sai da amincewarsu ake sabunta kwangilar kamfanin da ladansa duk shekara. Galibi ana naɗa tsofaffin akantoci, lauyoyi ko malaman jami'a. A ganina akanta ya fi dacewa, domin takardun ƙananan garuruwa ba a yawan cinikinsu, don haka ƙiyasta farashinsu sai gwani.