Yaya, ga amsar tambayarki game da yaranmu da talabijin

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Kin tambaye ni me ya sa duk sanda kika kira sai kin ji ƙarar katun a bayana, kuma ko gaskiya ne abin da ake faɗa a gida cewa a Ingila talabijin ce ke renon 'ya'yan Hausawa. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Sai kin fara gane yadda gidan yake kafin ki gane talabijin ɗin. A nan babu tsakar gida, babu zaure, babu yaran maƙwabta da za su faɗo ba sallama su ja naki zuwa wasa. Ƙofa a rufe take wuni. Yara na tashi daga makaranta ƙarfe uku da 'yan mintuna, a watan Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi an kira magariba, ga sanyi ga yayyafi. Ba a tura yaro waje shi kaɗai a irin wannan yanayi. Dokar ƙasar ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro a gida shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, don haka ko shagon bakin layi za ki je, da su za ki tafi. Mai aiki ko 'yar reno sai wane da wane. Gwamnati na biya wa ɗan shekara uku da huɗu awa 15 a mako a makarantar reno, wasu iyaye masu aiki suna samun 30, sauran lokacin kuwa naki ne ke kaɗai. To ki ɗauka kina suya, mai na tafasa, ɗan shekara biyu ya riƙe miki zani a ɗan ƙaramin kicin, mahaifinsa yana wurin aiki sai dare. A gida wata ce za ta ɗauke shi ta goya, ko yayyensa su fita da shi ƙofar gida. A nan rimot za ki ɗauka. Ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, kuma ba na zargin duk uwar da ta yi.

Abin da ake kunna musu ma ba irin wanda kike zato ba ne. BBC tana da tashar ƙananan yara mai suna CBeebies, wadda aka buɗe a 2002 domin 'yan shekara shida zuwa ƙasa. Ba a talla a cikinta ko ɗaya, saboda da kuɗin lasisin talabijin ake gudanar da ita, wanda duk gidan da ke kallon tashoshi kai tsaye dole ya biya. A 2025 fam 174.50 ne a shekara. Kuɗi ne mai ciwo, amma yaro zai yi kallo babu mai cusa masa kwaɗayin alewa ko abin wasa. Ko a tashoshin kasuwa ma, tun 2007 hukumar Ofcom, mai sa ido kan gidajen talabijin da rediyo, ta hana tallar kayan zaƙi da maiƙo a cikin shirye-shiryen yara, kuma ba a sa shirin manya mai ɗauke da batsa ko zubar da jini kafin ƙarfe tara na dare. Abin da na fi so da CBeebies shi ne tana da lokacin tashi. Ƙarfe shida na safe take buɗewa, daga shida na yamma sai ta koma shirye-shirye masu sanyi, a karanta labari guda, ƙarfe bakwai ta rufe. Yaro da idonsa zai ga ta ƙare, babu gardama, sai wanka da kwanciya. Wannan na taimaka mana ƙwarai a lokacin zafi, sanda rana ke kaiwa bayan tara na dare ba ta faɗi ba, kina fama da yaro ya yi barci alhali gari tangararas.

Tsoronmu yana kan waya da kwamfutar hannu. YouTube ba ta rufewa, bidiyo na ƙarewa wani ya hau, kuma ba mutum ne ke zaɓar na gaba ba. A 2017 an yi ta surutu a ƙasar nan da Amurka bayan an gano bidiyoyi masu kama da katun ɗin da yara suka sani, amma cike da abubuwan tsoro da ƙazanta, har wasu sun kutsa manhajar YouTube Kids. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara biyu gaban irin waɗannan na'urori, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a rana. Yawancin gidajenmu ƙa'idar kusan iri ɗaya ce: talabijin a falo take inda kowa ke gani, ba ta shiga ɗakin yara, kwamfutar hannu kuma sai Asabar da Lahadi, uwa na kusa.

Da za ki shiga zaurenmu na WhatsApp na matan Hausawa, da kin ga yadda ake kai ruwa rana kan katun guda. Peppa Pig ta fi kowanne jawo musu. Shirin Ingila ne da aka fara a 2004, labarin 'yar alade da iyayenta da ƙaninta, minti biyar-biyar. Wasu sun hana shi ɗungurungum, sun ce ba sa son yaro ya taso yana ƙaunar alade har yana neman riga da jaka masu hotonsa. Wasu sun ce cin naman ne aka haramta, zane kuwa zane ne. Ni abin da ya dame ni daban ne. A shirin ana yawan mayar da uba abin dariya, 'yarsa na tsokanar tumbinsa, kowa na ƙyalƙyatawa. Yaro ɗan shekara uku ba ya tace abin da ya gani, kwaikwaya yake yi. Ranar da na ji ƙaramata ta yi wa babanta irin wannan magana da irin wannan murya, ranar muka sallami shirin. Ga kuma Bluey, na ƙasar Ostareliya, wanda aka fara a 2018. Iyalin karnuka ne, wasu cikinmu ba sa so saboda haka, amma ni na yarda da shi, domin uban cikinsa yana zama a ƙasa ya yi wasa da 'ya'yansa, yana haƙuri da su, kuma girmansa bai zube ba. Mazajenmu da dama sun taso ba su ga uba na wasa da yara ba. A nan da babu kawu babu baffa a kusa, dole uba ya koyi wannan, kuma wallahi na ga waɗanda suka koya.

Wani abin da za ki lura da shi idan mun zo hutu shi ne yaran suna kallon babba cikin ido idan yana magana. Don Allah kada ki ɗauka fitsara ce. A makaranta haka ake koya musu, yaron da ya sunkuyar da kai ana ɗauka ba ya saurare ko yana ɓoye wani abu. Masu gabatar da shirin yara a talabijin, manya da su, da sunansu gatsau ake kiransu. Saboda haka ladabi biyu muke koyarwa, na waje da na gida. A cikin jama'armu babu yaron da ke kiran babba da suna, kowace mace Anti ce ko Umma, kowane namiji Kawu ne ko Baffa. Idan baƙo ya shigo a kashe talabijin, a zo a durƙusa a gaishe shi, a karɓi abu da hannun dama. Suna iyawa, sai dai wani lokacin su kan haɗa biyun, yaro ya durƙusa yana gaisuwa idonsa cikin naki.

Daga ƙarshen Oktoba abubuwa ke yi mana nauyi. Ranar 31 ga wata ake bikin Halloween, yara su yi shigar dodanni suna bin gidaje karɓar alewa, ana gamawa sai Kirsimeti ta cika talabijin da kantuna da makaranta har ƙarshen shekara. Ba za ki iya toshe wa yaro ido ba. Abin da muka gane shi ne idan kika ce masa wannan ba namu ba ne, to sai kin nuna masa nasa, kuma nasa ya zama abin ɗoki. Shi ya sa Sallarmu a nan ta fi ta gida hidimar yara. Muna ƙawata falo tun farkon azumi, mu sa a ɗinko musu kaya daga gida, a yi lalle, a soya cincin, a nema musu izinin kwana guda a makaranta, wanda galibi ana bayarwa don ibada. A Birmingham ana yin Idi a filin Small Heath, dubban mutane daga kowace ƙasa, yaro ya ga ashe ba gidansu kaɗai ba ne Musulmi. In faɗi gaskiya, CBeebies ma tana nuna shirin azumi da Sallah idan lokacin ya zo, kuma ranar da yarana suka ga yarinya mai ɗankwali tana buɗa-baki a talabijin, murnarsu ba ta faɗuwa.

Akwai abin da ya fi wannan wuya. Wasu katun ɗin yanzu suna nuna yaro mai uwa biyu ko uba biyu, kuma tun Satumban 2020 darasin zamantakewar iyali ya zama dole a makarantun firamare na Ingila. Iyaye na iya cire yaro daga darasin jima'i, amma ban da wannan. Mu dai mun zaɓi mu riga kowa yi musu bayani, daidai da shekarunsu: ga abin da addininmu ya koyar game da aure, ga kuma cewa ba a zagin kowa ko wulaƙanta ɗan ajinku saboda gidansu. Maganar da iyayenmu ba su taɓa yi da mu ba, mu dole mu yi ta da ɗan shekara bakwai.

Kin kuma tambaya ko da gaske ne ba a dukan yara. A Sikotilan an haramta shi gaba ɗaya tun 2020, a Wales tun 2022, dukansu yankunan Birtaniya ne kamar Ingila. A Ingila doka ta bar ɗan sarari, amma duk dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma malamar makaranta na gani za ta sanar da ma'aikatan kula da walwalar yara. Labarin da ake yaɗawa cewa daga tsawa sai a ƙwace ɗa, an ƙara masa gishiri. Raba yaro da iyayensa na dindindin sai da hukuncin kotu. Duk da haka bulala ta fita daga tarbiyyarmu, horon da ya fi tasiri shi ne a hana kallo kwana biyu.

Yanzu ga inda yake mini ciwo, Yaya, wato harshe. Yaro yana tashi da Hausa rangaɗau a bakinsa, ya shiga makaranta yana ɗan shekara huɗu, kafin shekara ta zagayo Turanci ya rinjaye. Kina masa Hausa yana ji sarai, amsa kuwa da Turanci. Talabijin na ƙara wa abin gudu, domin duk abin da ke ba shi dariya da duk waƙar da ya haddace da Turanci suke. Islamiyyar yamma ma da Turanci ake yi, malaman galibi 'yan asalin Pakistan ne ko Bangaladash ko Somaliya. Mun nemi abin kallo na yara da Hausa, ɗan kaɗan ne. Akwai abin da tashar Arewa24 ta nuna, kamar Dandalin Sesame, akwai shirin Akili na Tanzaniya da aka mayar Hausa, muna lalubo su a intanet muna maimaitawa har yara su gaji. Finafinanmu na gida kuwa ba don yara aka yi su ba, soyayya ce da rikicin kishiya. Abin yana ba ni takaici, harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a ce ba shi da tashar yara guda mai kyau. Kuma na san matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin yaran birni a gida ma katun ɗin Turanci suke kallo ta tauraron ɗan Adam. Bambancin shi ne naku na kashe kallo za su faɗa cikin mutane masu Hausa, namu kuwa daga ni sai babansu.

Muna iya ƙoƙarinmu. Muna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinmu lokaci-lokaci, a dafa abinci, a ce yau ba Turanci, manyan mata su yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa zan roƙe ki abu biyu. Na farko, idan kun kira, ku yi musu Hausa zalla. Na lura da zarar yaro ya yi jinkirin amsa sai ku juya Turanci don ku sauƙaƙa masa, ko yaranki su fashe da dariya idan ya karya harshe. Na san ba da mugunta ba ne, amma babban nawa ya daina gwadawa saboda dariyar, ya ce gara ya yi shiru. Ku ba shi lokaci ya lalubo kalmar, idan ya yi kuskure a maimaita masa daidai a wuce.

Na biyu, ki zaunar da Inna ki ɗauki muryarta a waya tana tatsuniya, irin wadda take mana a tsakar gida, ta Gizo da Ƙoƙi da sauransu, tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Ko minti biyar-biyar ne ya isa, kada a gyara komai, har waƙoƙin ciki. Ina so in riƙa kunna musu bayan ƙarfe bakwai idan tashar ta rufe. Idan Inna ta yarda, zan tura wa sauran matan zauren namu, domin da yawansu iyayensu sun rasu, ba su da wanda za su roƙa.

Kiran bidiyo kuma ranar Asabar bayan la'asar ɗinku ya fi, lokacin babu makaranta babu Islamiyya. Ki tuna daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu na komawa baya da awa guda, ƙarfe biyar ɗinku huɗunmu ce har ƙarshen Maris. Ki gaishe da Inna da maigidan da yara duka.

Ƙanwarki.