Bai taɓa jikinta ba, amma 'yata ta tsani zuwa makaranta: shin akwai laifi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malama. Ina da 'ya mai shekara 14 a sakandare. Wata biyu ke nan kullum da safe sai ta ce ciki ko kai na yi mata ciwo. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta nuna min wayarta. Ashe malaminsu na lissafi ne ke turo mata saƙo da dare, yana yabon surarta, yana cewa ta riƙa tsayawa bayan an tashi ya ƙara mata darasi. Da ta daina amsa masa, sai ya ce mata a gaban 'yan aji ita da cin jarabawarsa sai dai ta ga ana yi. Na samu shugaban makarantar, ya ce tunda bai taɓa jikinta ba babu abin da za a kama shi da shi, in ja mata kunne ta riƙa kama kanta. Mahaifinta kuma ya ce a cire ta kowa ya huta. Da gaske babu laifi a nan? Me zan yi?

Wata uwa

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Akwai laifi, babba ma kuwa, kuma ba na 'yarki ba ne ko kaɗan. Shugaban makarantar ya bar jaki yana dukan taiki.

Cin zarafin ɗaliba ba sai hannu ya kai jiki ba. Magana a kan surarta, saƙon dare, neman keɓewa da ita, duk suna ciki. Wanda ya fi muni shi ne na ƙarshe da kika ambata, wato ɗaure makinta da biyan buƙatarsa. Malami yana riƙe da abin da yarinya ba ta da ikon ƙwata, jan biro da takardar sakamako, shi ya sa ba a maganar yarda ko rashin yarda tsakanin malami da ɗaliba 'yar shekara 14. Mu da muke aikin kare yara mun san wannan tafiyar sarai. Yabo ake farawa da shi, sai kulawa ta musamman, sai "kada ki gaya wa kowa", sai keɓewa. Taɓa jiki shi ne zangon ƙarshe. Duk wanda ya ce a jira sai an kai can, cewa yake a jira sai ɓarna ta auku.

Me ya sa ake kiran wannan nuna bambancin jinsi, ba rashin ɗa'a kawai ba? Ki dubi yaron da ke zaune kusa da ita a aji. Shi yana zuwa ne ya koyi lissafi. Ita tana zuwa tana lissafin ta wace ƙofa za ta fita kada su haɗu. Aji ɗaya, malami ɗaya, amma ilimin da take samu ya ragu, don kawai ita mace ce. A kan wannan fahimtar aka gina dokokin. A Amurka, dokar 1972 da ake kira Babi na 9 ta haramta bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a 1992 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ɗalibar da malami ya ci zarafinta tana iya neman diyya a ƙarƙashin wannan doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan kowace ƙasa ta amince da ita, ta ɗora wa gwamnatoci a sashe na 19 nauyin kare yaro daga kowane irin cin zarafi yayin da yake hannun iyaye ko duk wanda aka damƙa wa kula da shi. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ta fito ƙarara a sashe na 12: a kare 'ya'ya mata daga irin wannan tsangwama a makarantu, a hukunta masu yi, a kuma sama wa waɗanda abin ya shafa masu ba su shawara da kwantar musu da hankali.

Akwai wata shari'a da nake yawan ba shugabannin makarantu labarinta, domin ta shafi irin amsar da aka ba ki. A jihar Jojiya ta Amurka, wata yarinya 'yar aji biyar ta firamare ta shafe kusan wata biyar wani ɗan ajinsu yana tsangwamarta da maganganun batsa da kai mata hannu. Ta gaya wa malamai, uwarta ta yi ta sintiri. Sai da aka haura wata uku kafin a yarda ko kujera ta sauya, alhali kusa da shi take zama. Makinta ya zube, har mahaifinta ya tsinci takardar da ta rubuta tana maganar kashe kanta. A 1999 kotun ƙoli ta ce makarantar da ta san ana irin wannan mummunar tsangwama ta kuma yi ko oho da gangan, ita ma ana iya kama ta da laifi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma wannan ma'auni shi ne zuciyar maganar: daga ranar da makaranta ta sani, nauyi ya hau kanta. Ranar da kika shiga ofishin shugaban nan, ranar ce.

To, me za ki yi? Ki fara da 'yarki kafin kowane ofis. Ki zauna kusa da ita ku biyu, ba a tsaye ba, ba a gaban ƙannenta ba. Ki ce mata: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika gaya min." Kada ki tambaye ta me ya sa ta amsa saƙon farko, ko me ya sa ta yi shiru wata biyu. Ta amsa ne don malaminta ne, ta yi shiru ne don tsoro. Kada kuma a ƙwace wayar a matsayin horo. Na ga gidajen da aka yi haka, abin da yarinyar ta koya shi ne faɗin gaskiya na jawo asara, daga nan ba ta ƙara buɗe baki ba. Ki tambaye ta a hankali, sau ɗaya, ko akwai abin da ya wuce saƙonnin, sannan ki bar ƙofa a buɗe. Yara sukan faɗi kaɗan su ga yadda za a karɓa kafin su faɗi sauran. In ta ce an kai ga jikinta, asibiti ne farko, domin maganin rigakafin cutar HIV ana fara shi ne cikin awa 72. In kuma kika ji tana maganar ta gaji da rayuwa, kada ki ɗauke shi shirmen yarinta, ki kai ta wurin likita a ranar.

Sai shaida. Shugaban ya ce babu, alhali tana cikin wayar nan. Kada a goge ko harafi ɗaya. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lambarsa da kwanan wata da lokaci za su fito, ki tura wata wayar, ki buga a takarda. Ki sami ƙaramin littafi ki rubuta ranar da ya yi mata barazana a aji, kalmomin da ya faɗa, su wa suka ji, da ranar da kika ga shugaban da amsar da ya ba ki. Ki ajiye takardun sakamakonta na baya, don in makin lissafi ya faɗi kwatsam a ga bambancin. Kada ki kira malamin, kada mahaifinta ya je ya tare shi, kada a sa maganar a Facebook ko zauren WhatsApp na iyaye. Fushinku halal ne, amma hakan zai ba shi damar goge nasa ɓangaren, ya kuma watsa sunan yarinyar a bakin duniya.

Daga nan ki koma makarantar da koke a rubuce, kwafi biyu, a buga hatimi a sa hannu a ɗaya ki dawo da shi gida. Maganar baki iska ce, gobe ana iya cewa ba ki taɓa zuwa ba. A cikin takardar ki nemi a janye malamin daga ajinta tun yanzu, kafin a gama bincike, a ba wani malamin takardun jarabawarta ya duba, a ɓoye sunanta, a kuma sa ranar da za a ba ki amsa. Ki lura da wannan sosai: shi za a matsar, ba ita ba. Sau da yawa makaranta takan ce bari a mai da yarinyar wani aji, sai ita ta rabu da ƙawayenta kowa yana tambayar me ta yi, shi kuma yana nan da allinsa.

Abu biyu kada ki yarda da su. Na farko, a tara ta da shi a ɗaki ɗaya wai ta maimaita a gabansa. Yarinya 'yar shekara 14 ba za ta iya ja da babban mutum mai riƙe da makinta a gaban manyansa ba, in ta daburce kuma sai a ce ƙarya take. Na biyu, sulhu. Za a zo miki da "a rufa wa juna asiri, yana da iyali". Sulhu na tsakanin tsara ne da suka saɓa. Wannan kuwa amana aka ci. Kuma abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne a lallaɓa a sauya wa irin wannan malami wurin aiki da takarda mai tsabta, a sake ba kura ajiyar nama a wata makarantar. Da wuya a ce 'yarki ce ta farko da ya tura wa saƙo.

In ranar da aka sa za a ba ki amsa ta wuce shiru, ki haura sama: hukumar da ke kula da makarantar ko masu ita, ofishin ilimi, jami'an walwalar yara, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam. Ƙungiyoyin lauyoyi mata irin su FIDA suna taimakawa a irin wannan. Tunda kuma babba ne ke neman ƙaramar yarinya, kina da damar kai wa 'yan sanda kai tsaye, ba sai makaranta ta ba ki izini ba. Duk ramuwar gayya da ta biyo bayan koken, ko rage maki ko horo babu dalili ko gori, sabon laifi ne, a rubuta shi a littafin nan a ƙara kai shi.

Kada ki ga kamar ku kaɗai ne. Ƙiyasin da UNICEF ta fitar a 2024 ya nuna mata sama da miliyan 370 da ke raye a yau, kusan ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko cin zarafi na lalata kafin su kai shekara 18, a maza kuma kusan ɗaya cikin 11. Na kawo na mazan da gangan, domin in kina da ɗa namiji, shi ma yana buƙatar jin cewa zai iya gaya miki.

Maganar mahaifinta kuwa, na san ƙauna ce da tsoro suka sa shi faɗin haka. Amma in aka zaunar da ita a gida, ita aka hukunta, kuma za ta fahimci hakan ko ba a faɗa ba. In bayan an yi duk abin da ya kamata ita da kanta ta ce ba za ta iya zaman makarantar ba, a mai da ita wata, ba gida ba, koken kuma ya ci gaba. A tambaye ta abin da take so kafin a yanke. Ki zaunar da mahaifin nata ya karanta saƙonnin da idonsa, ba ke za ki ba shi labari ba, sannan ki roƙe shi ya raka ki ranar kai takardar, ya sa hannunsa kusa da naki.