Kafin ka sayi keke a Skotlan, ga amsar saƙonka

Ƙanina, assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni daren Asabar, ina tsugune a bayan gida ina kankare taɓo daga sarƙar keke. Na yi murna da gurbin digiri na biyu da ka samu a Edinbara, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka ga hotunan da nake sakawa na hanyoyin keke a cikin daji da bakin ruwa, kana so da ka sauka ka sayi irin kekena, ka riƙa shiga dajin ranar hutu, sauran kwanakin kuma ka yi aikin kai wa mutane abinci da shi don ka biya haya.

Bari in fara da maganar kai abincin, don ita ce mai haɗari. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana ka yin aikin kanka. Yawancin masu kai abinci da keke ta manhajar waya, a idon doka masu aikin kansu ne, ba ma'aikatan kamfani ba. Idan ka shiga ciki ka karya sharaɗin bizarka, kuma abin da zai iya biyo baya ya fi kuɗin hayar wata guda nauyi. Za ka haɗu da samari da za su ce maka kowa na yi, wani ma ya ce zai ara maka asusunsa. Ka ce musu ka gode. Ka nemi aikin da ke da takardar albashi, shago ko gidan abinci ko cikin jami'a. Keken zai kai ka wurin aikin, ya rage maka kuɗin bas, nan ne amfaninsa ga aljihunka.

Maganar daji kuwa, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Ban fara da daji ba, da bakin ruwa na fara, kuma kai ma haka nake so ka yi. Akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Union Canal, ta tashi daga cikin garin Edinbara har Falkirk, kimanin kilomita 50. An buɗe ta a 1822 don a riƙa shigo da gawayin kwal cikin gari, dawaki ne ke jan jiragen daga gefe. To wannan turbar dawakin ita ce ta zama hanyar masu keke da masu tafiya a ƙafa yanzu. Babu hawa babu gangara, domin masu haƙar sun bi gefen tuddai ne a tsayi ɗaya. Kana barin gari sai gonaki da tumaki da agwagi. A Slateford ruwan da kansa yake hawa gada ya ƙetare wani rafi, turbar ta matse, duwatsun ƙasa kuma ga santsi, sai ka sauka ka tura keken. Na ga wanda ya ƙi sauka. Kusa da Falkirk hanyar ta ratsa ta ƙarƙashin tudu, cikin wani rami mai tsawon fiye da mita 600, ruwa na ɗiga daga sama, muryarka na dawo maka. Ka fito ka ci gaba kaɗan sai ga Falkirk Wheel, wani ƙaton inji da aka buɗe a 2002, yana ɗaga jirgi da ruwansa ko ya sauke shi mita 24, ya haɗa wannan hanyar da ɗaya hanyar ruwan da ke ƙasa mai zuwa birnin Gilasgo. Ranar da na fara ganinsa na fi rabin awa a tsaye kamar baƙauye ya shigo Kantin Kwari.

Abin da ya sa nake tura ka can tukuna shi ne hannu. Nan hagu ake bi, mu kuwa a Najeriya tun 1972 muka koma dama, jikinka bai san wani abu ba sai dama. A bakin ruwa za ka koya wa jikinka hagu ba tare da babbar mota a bayanka ba. Za ka kuma koyi kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka rage gudu idan ka hango tsohuwa da karenta. Karnukan nan ba ruwansu da kai, amma na san ka da kare.

Daga nan sai tuddan Pentland da ke kudu da gari, inda akwai madatsun ruwa irin Harlaw da Glencorse. A nan za ka ga wani abu da ya ba ni mamaki. Wata doka ta 2003 ta ba kowa a Skotlan damar ratsa yawancin filaye da dazuzzuka, a ƙafa ko a keke ko a doki, ko da filin na wani ne, muddin bai yi ɓarna ba. Ba ka shiga harabar gida, ba ka taka shuka, ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta, lokacin haihuwar tumaki kuma ka yi nesa da garke. Ni burtali abin ya tuna mini, yadda manomi da makiyayi kowa ya san iyakarsa lokacin da ake mutunta shi. Amma ka lura, da ka tsallaka Ingila dokar ta sauya: can akwai turbar da ta masu ƙafa ce kawai, keke sai turbar dawaki da makamantanta.

Hotunan da suka ja hankalinka kuwa a Glentress na ɗauka, wani daji kusa da garin Peebles a bakin kogin Tweed, tafiyar kamar awa ɗaya daga Edinbara. Dajin gwamnati ne, yana cikin wurare bakwai na kudancin Skotlan da ake kira 7stanes, kuma a nan aka yi wani ɓangare na gasar keke ta duniya a 2023. Hanyoyin ba sawun shanu ba ne, gina su aka yi musamman, da kwana mai jingina da tudun tsalle da matakalar dutse. An raba su da launi: kore ta yara da sababbin shiga, shuɗiya ta mai ɗan hannu, ja ta gwanaye, baƙa kuma ta waɗanda iyayensu suka sallama. Shiga da keke kyauta ne, mai mota ne ke biyan kuɗin ajiya, akwai kuma shagon hayar keke a bakin dajin.

Ni da na je karon farko, sai na ce ni da na yi shekaru ina ɗauko buhun masara a bayan Phoenix cikin yashi, me zan yi da hanyar yara? Na nufi ja. Ban san saiwar itace idan ta jiƙe ta fi kuɓewa yauƙi ba. Birkin irin waɗannan kekuna kuma ba irin namu ba ne da sai ka matse da dukkan ƙarfinka ka haɗa da jan silifa a ƙasa, yatsa ɗaya ya isa. Na damƙe na gaba da hannu duka, keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Hular kwano ce ta tsage maimakon kaina, kafaɗa kuma ta yi mako uku tana tuna mini. Wani dattijo da ya haura sittin ya tsaya ya duba ni, ya ga ba karaya, ya nuna mini allon shuɗiyar hanya da yatsa, ya wuce abinsa. Doka ba ta tilasta hular ba a Birtaniya, amma ni na tilasta maka.

Kada ka sayi sabon keke. Akwai shagunan ƙungiyoyin agaji da ke gyara na gwanjo su sayar da araha, irin wannan ya ishe ka bakin ruwa da zuwa aji. Ranar da za ka Glentress ka yi haya. Kuɗin da ka rage ka sa a makulli na ƙarfe mai kauri, domin kekena na farko da igiyar waya na ɗaure shi a ƙofar laburare, na fito na tarar da igiyar kaɗai tana lilo. Ka sayi fitila fara ta gaba da ja ta baya, wannan kam doka ce bayan faɗuwar rana, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 an yi magariba. Sannan ka koyi faci tun kana gida. Ka je wurin mai facin bakin kasuwa ka zauna yini guda ka kalli hannunsa, domin a nan babu mai faci a gindin kowace bishiya, kuma kuɗin aikin bakanike zai sa ka yi salati.

Da rani akwai wasu ƙwari da ba su kai sauro girma ba, suna tashi tamkar hayaƙi idan iska ta kwanta, sun fi yawa a yamma da arewa. Akwai kuma kaska a cikin dogayen ciyayi, tana iya sa wata cuta da ake kira Lyme, don haka ka duba ƙafafunka idan ka dawo. Alwala kuwa ka yi ta tun daga gida, ruwan rafin nan sai ya sa ka ji haƙoranka.

Wata magana da ban faɗa wa su Inna ba. Sanyina na farko a ƙasar nan, sai in yi kwana biyu ban yi magana da kowa ba. Aji, ɗaki, waya, shi ke nan, rana kuma ta zama baƙuwa. Keken nan ne ya fitar da ni. A bakin ruwa mutanen da ba za su kalle ka a bas ba sai su gaishe ka, wani ya tsaya ya ara maka famfo. Za ka iso a Satumba, kana da kamar mako shida kafin a mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba duhu ya rufe, ina so kafin nan ƙafarka ta saba da fita.

Asabar ta biyu da isowarka za mu yi Falkirk, mu dawo a jirgin ƙasa idan cinya ta gaza. Ina da tsohuwar rigar ruwa da za ta yi maka. Ka taho mini da yaji da kuka, amma kada ka sa kilishi a jaka, an hana shigo da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za su karɓe. Ka gaida Inna da kyau.

Yayanka.