Safar hannu don aikin tsaro: wacce za ka saya?

Malam, ka ce safar da ka saya mai tauri a bayan yatsu ta hana ka sarrafa rediyo da makulli, kana neman wadda za ta kare hannu ba tare da ta ɗaure yatsu ba.

Fara da awo. Zagaya tafin hannunka da abin awo, ban da babban yatsa, ka kwatanta da jadawalin awon kamfanin da ya yi safar. Safa in ta yi sako-sako, riƙonka ya lalace.

Sannan duba tambarin EN 388, wato ma'aunin Turai na ƙarfin safar hannu. Lambobinsa huɗu na nuna jure gogewa, yanka, yagewa da huda. Haruffan A zuwa F su ma ƙarfin jure yanka ne, P kuwa jure bugu. A ganina, mai fatar akuya a tafi da roba mai laushi a baya ta fi dacewa da aikinka. Mai taurin nan burgewarta ta fi amfaninta.

Kuskuren da aka fi yi: ɗaukar cewa Kevlar, wani zare mai ƙarfi da ake saƙa safa da shi, na tare allura. Yanka yake tarewa, allura na iya ratsa saƙar. Kusa da wuta kuwa, nailan narkewa yake ya manne wa fata, sai Nomex, yadin da ke jure wuta.

In aikin ya shafi lantarki ko sinadarai, tuntuɓi jami'in lafiyar ma'aikata na wurinku, waɗannan safarsu daban ce.