Akwatin wifi ya tsufa: a canza ko a haƙura?

Wani tela daga Garwa, arewacin Kamaru, ya rubuto: "Akwatin wifi na gidana ya shekara biyar. Kullum da rana sai ya mutu ya tashi da kansa. In sayi sabo?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ka ce da rana yake yi. A Garwa zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, kuma na san halinmu: ana ɗora akwatin a kan talabijin, a lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Yaye ƙyallen, ka ɗaga shi wuri mai iska, nesa da kwanon rufi. In bai daina ba, caja za ka fara zarga. Juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Yawancinsu 12V suke sha. Ari caja mai lamba iri ɗaya ka gwada kwana biyu.

Nan ne nake jin haushin mutanenmu. Mutum zai fidda jaka talatin (sefa dubu talatin) ya sayi akwati, ranar da cajar ta ƙone sai ya je bakin kasuwa ya ɗauko ta dala ɗari biyu (sefa dubu ɗaya), wai ai duk caja caja ce. Ɗauki ta jabu a hannu ka ji, ba nauyi kamar fanko. Rubutun jikinta ya ce amfiya biyu, cikinta ko rabi ba ta bayarwa. Ga wutarmu da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, musamman in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya ana rabon wuta unguwa-unguwa. Cajar kirki takan ƙone ita kaɗai ta tsirar da akwatin, ta jabu kuwa tare suke tafiya, wani sa'in har da labule. In an ɗauke wuta ku zare daga soket, ku jira ta zauna kafin ku mayar. Kuma kada a cusa kan cajar da bai shiga daidai ba a ɗaure da roba, don Allah.

Wani saurayi daga Kusuri yana son sayen akwati mai eriya huɗu da tambarin 5G, an ce masa ya fi gudu.

Wayarka ta taɓa nuna 5G a unguwarku? To me za ka kama da shi? Tambari kowa na iya mannawa. Irin waɗanda ake shigowa da su ta iyaka, wasu a kulle suke da layin wata ƙasa, wasu tsofaffi ne aka goge aka sa a sabon kwali. Je da sim ɗinka, MTN ko Orange ko Camtel, a sa a gabanka ya kama 4G, ka buɗe bidiyo ka gani, ka karɓi rasit. Mai kaya ya ƙi, ka yi gaba.

Wata uwa daga Marwa ta ce batirin ƙaramin modem ɗinta ya kumbura har murfi ba ya rufuwa, ga yara da shi suke karatu, ga babu kuɗin sabo.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tambaya. Amma yau ɗin nan ki daina sa shi a caji, ki cire batirin. Kada a huda shi, kada a jefa a murhu, kada yara su yi wasa da shi. Batiri kaɗai za ki saya, ki tafi da modem ɗin a duba lambarsa. Barinsa a caji dare da rana cikin zafi ne ke kumbura shi.

Masu tambayar yaushe ne canzawa ta zama dole: in akwatin 3G kaɗai yake kamawa, ya gama aiki, tun ƙarshen 2015 aka fara 4G a Kamaru. Haka in yana warin ƙuna ko ramin cajar ya narke. In kuwa saurin ƙarewar data ne kukanku, sabon akwati ba zai yi magani ba. Ku canza lambar sirri, domin ta asali tana nan a rubuce a bayansa, duk yaron da ya shigo gaisuwa ya karanta.