Hukuncin Liƙa Harafin Sinanci Na "Fu" A Ƙofar Shago

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina saro kaya daga Guangzhou. Wani abokin cinikina Basine ya ba ni kyautar jar takarda mai harafin 福, ya ce in liƙa ta a ƙofar shago a juye, wai tana jawo sa'a. Kuma ina ganin harafin a jikin kwalayen kaya. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka mu fara da harafin.

Sinawa suna karanta shi "fu", ma'anarsa albarka ko sa'a. Tsohon harafi ne, yana cikin rubutun da bokayen daular Shang suka zana a kan ƙasusuwa fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A can hoto ne na tulun giya da ake miƙawa a wurin bauta, don roƙon alheri. Yau suna liƙa shi a ƙofofi lokacin bikin sabuwar shekararsu. Juyawar kuwa wasa da harshe ne: a Sinanci "ya kife" da "ya iso" furucinsu kusan ɗaya, sai abin ya zama "albarka ta iso".

Tushen harafi ba ya haramta shi. Da shi ake rubuta sunan lardin Fujian da birnin Fuzhou, Musulmin Sin ma da shi suke rubuta su. Saboda haka kayan da ya zo a jikinsu a matsayin suna ko tambari, ka saye ka sayar, ba komai. Karɓar kyautar ma babu laifi, Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar.

Matsalar tana wurin liƙawa. Wanda ya ba ka ya faɗi dalilinsa ƙarara: jawo sa'a. Wannan ita ce layar da aka hana, domin Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu bn Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Saɓanin da malamai suka yi a kan laya ta ayoyin Alƙur'ani ne, wannan ko kusa ba ta ciki. In ka ce ado kawai kake nufi, ba ka yi shirka ba, amma ka kwaikwayi alamar bikinsu, ga kuma yaran shago da masu ciniki da za su tambaya a ce musu maganin kasuwa ne.

Don haka kada ka liƙa ta, a miƙe ko a juye. Ka yi masa godiya, in ya tambaya ka bayyana masa cikin ladabi cewa mu Allah kaɗai muke roƙo arziki.

Wallahu a'alam.