Tambaya da Amsa: Akori-kura mai dizal ko mai fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sana'ar hatsi, ina ɗauko masara daga Saminaka, wani lokaci kuma citta daga Kachia, ina kawowa cikin garin Kaduna sau biyu a mako, sauran ranakun kuma ina raba kaya ga masu shaguna. Na gaji da biyan kuɗin haya, don haka na yanke shawarar sayen tsohuwar akori-kura. An nuna mini Hilux guda biyu, ɗaya mai injin fetur 22R, ɗaya kuma mai injin dizal 3L, kuma mai dizal ɗin ta fi tsada. 'Yan'uwa sun rabu biyu, wasu na cewa dizal ba ya mutuwa, wasu na cewa gyaransa zai cinye jarina. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya albarka a cikin nema. Ɓangarorin biyu duka suna da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda kowane inji yake ƙona mansa. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sannan fulogi ya ba da wuta. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, ba ya bukatar tartsatsin fulogi, sai dai ya matse iska har ta yi zafi matuƙa, a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Matsin da tsofaffin injunan dizal irin 3L ke yi ya ninka na injin fetur fiye da sau biyu, shi ya sa ake gina su da ƙarfe mai kauri, shi ya sa kuma suke da nauyi, da ƙara, da tsawon rai idan sun samu kulawa.

Wannan matsi shi ne ke ba dizal fifiko a irin aikinka. Ƙarfin jansa yana fitowa tun injin bai yi gudu sosai ba, saboda haka mota mai ɗauke da buhunan masara takan tashi daga tsaye ko ta hau tudu ba tare da direba ya yi ta azabtar da kuloci ba. Haka nan litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi, kuma injin ya fi iya cin moriyarta, ta yadda a kan hanya ɗaya da kaya iri ɗaya yakan sha ƙasa da na fetur da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Amma a Najeriya lissafin bai tsaya nan ba. Shekaru masu yawa gwamnati tana biyan tallafi a kan fetur alhali ta saki farashin dizal, abin da ya sa yawancin masu bas da akori-kura suka rungumi fetur, kanikawanmu ma suka fi gogewa a kansa. Tun da aka sanar da cire tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta ragu ƙwarai, ko da yake tana hawa tana sauka. Shawarata ita ce ka je gidan man da kake sha ka kwatanta da kanka. Idan tsadar litar dizal a kan ta fetur ta kai kashi ɗaya bisa uku, to sauƙin shan da ake yaba wa injin ya kusa tafiya a banza. Idan kuwa farashin ya yi kusa da juna, kowace tafiya zuwa Saminaka tana mayar maka da wani abu daga cikin ƙarin kuɗin da ka biya wajen saye.

Inda masu tsoratar da kai suke da hujja shi ne wajen gyara. Injin 22R abu ne mai sauƙin sha'ani, sarƙa ce ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗinsa, kuma da wuya ka shiga wata unguwa a Kaduna ka rasa bakaniken da zai wanke masa kafireta ko ya canza masa fulogi, kayansa kuma ba sa wuyar samu a kasuwar Panteka. Shi kuwa 3L rayuwarsa tana rataye ne a kan famfon mai da nozul masu fesa man a cikin inji, waɗanda aka ƙera da tsananin daidaito, kuma ruwa ko datti kaɗan a cikin mai ya isa ya cinye su. Gyaransu ba aikin kowane gareji ba ne, sai wurin masu na'urar gwaji. Wannan ne ya sa mai motar dizal ba shi da ikon sayen mai a galan a bakin hanya, musamman da yake akwai masu gauraya shi da kananzir, wanda ba shi da santsin da famfon ke bukata. Ƙari a kan haka, 3L bel yake amfani da shi maimakon sarƙa, ana canza shi duk bayan kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin na iya dukan bawul, ɓarnar ta zama babba. Zafi ma abokin gabarsa ne, domin lagireton da ya toshe yana iya jawo kan injin ya tsage.

Saboda haka kada ka biya ko sisi sai ka gwada motar da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, kuma ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa. Mai sayarwar da ya riga ka ɗumama mota sau da yawa akwai abin da yake ɓoyewa. Lafiyayyen dizal yakan tashi da zarar fitilar hita (mai nuna ana ɗumama cikin injin kafin tayarwa) ta mutu an murɗa makulli, ko da a cikin hunturu ne. Ka lura da hayaƙi: baƙi yana nuni ga nozul, ko famfo, ko matatar iska da ƙura ta toshe, shuɗi yana nufin injin na cin baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama kuwa alama ce mai tayar da hankali. Ka buɗe murfin baƙin mai yayin da injin ke aiki a tsaye, idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi to ringi sun gaji. Ka kuma buɗe murfin lagireto tun injin na da sanyi (kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi) sannan a tayar, ka duba ko ruwan na kumfa ba ƙaƙƙautawa. Ka tafi da bakaniken dizal wanda kai ka zaɓo, ba na mai motar ba.

Ga hukuncina. Aikinka na doguwar hanya ne da kaya masu nauyi, don haka idan mai dizal ɗin ta tsallake waɗannan gwaje-gwaje, kuma kana da rarar kuɗin canza bel da matatun mai da na iska tun a makon farko, ita na fi so maka. Idan ta faɗi ko da a ɗaya daga cikin gwajin hayaƙin murfi ko na kumfar lagireto, ka ɗauki mai fetur ba tare da waiwaye ba, domin gajiyayyen injin fetur yakan ci gaba da lallaɓawa yana kawo kuɗi, amma gajiyayyen dizal ajiye mota yake yi a gareji.

Tambaya: Muna da ƙaramar makaranta a Tudun Wada, muna son sayen tsohuwar Hiace don ɗauko yara da mayar da su gida. Shin mu ma dizal ya dace da mu? Daga wata shugabar makaranta.

Amsa: A'a, Hajiya, ku nemi mai fetur, kamar mai injin 1RZ ko 2RZ. Tafiyarku gajera ce, ana tsayawa a kowane layi, kuma injin dizal da ba ya samun damar yin zafi yadda ya kamata yakan tara baƙin toka a ciki, ya kuma gajiyar da batir saboda yawan kunnawa da kashewa. Nisan da za ku yi a wata ba zai kai ya biya muku bambancin kuɗin saye da na gyara ba. Injin fetur ya fi shiru, baƙin hayaƙinsa bai kai na tsohon dizal ba a inda yara ke taruwa, kuma idan wata rana kuka so mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG, shi ne ya fi sauƙin juyawa, matuƙar an yi aikin a cibiyar da aka amince da ita. Ku sa a duba birki da tayoyi da makullin ƙofar gefe kafin a fara ɗaukar yara.